Kukan Wasu a Bakin Inna

Innarmu ba ta iya ganin rigima ta wuce ba. A unguwa Shisshigi ake ce mata, a gaban idonta da bayan idonta, kuma tana amsawa. In mata biyu suka kaure a bakin famfo, kafin a ce a kira mazajensu ta riga ta ajiye bokitinta ta shiga tsakani. Ni ce 'yarta ta fari, kuma zafin zuciyar mahaifinmu na gado, ban gaji haƙurinta ba. Shi ya sa na daɗe ina jin haushin wannan hali nata, kuma har yau ban gama hucewa ba.

Tana da wata hanyar raba faɗa da ta gasa mu da ita muna yara. In na yi faɗa da ƙanena, ba za ta tambaye ni abin da ya yi mini ba. Sai ta zaunar da mu ta ce, "Ke, faɗa mini abin da ya ɓata masa rai. Kai kuma za ka faɗi nata." In na faɗa a karkace, sai ta dube shi ta ce, "Haka ne?" In ya girgiza kai, sai in sake daga farko. Ba mai tashi sai ya faɗi kukan ɗan'uwansa yadda mai kukan zai yarda. Da duka take yi mana, da ya fi mana sauƙi.

Mahaifinmu ya rasu muna ƙanana, ta shiga aiki a kamfanin roba da ke ƙarshen layinmu. Tsofaffin jarkoki da bokitai da karyayyun kujeru suke saye, inji ya farfasa, a wanke, a narka. Inna tana sashen wanki. Kwami ne dogaye na siminti, cike da ruwa da soda, mata su sunkuya a kai daga safe har yamma suna cuɗa guntayen roba da hannu tsirara. Tafin hannunta ya yi kaushi kamar ɓawon itace, faratanta sun cinye, in sanyi ya zo tsagar yatsunta har jini take yi. In an tashi aiki sai a zare toshiyar kwamin, ruwan ya bi wani bututu ta ƙarƙashin katanga ya faɗa kwatar unguwa.

A lokacin da nake ba da labari na dawo ɗakinta da 'ya'yana biyu. Mijina ya tafi neman aiki, ya yi waya a farkon tafiya, daga nan shiru. Ƙanena yana koyon walda, ba a ba shi ko sisi. Ɗaki ɗaya da ɗan baranda muke haya, kuma duk abin da ke shiga tukunyarmu daga hannun nan mai tsaga yake fitowa. Duk tsawon shekarun da ta yi a kamfanin, 'yar wucin gadi ce, ita da sauran matan. Kora ba ta buƙatar takarda, a bakin ƙofa ake faɗa wa mutum.

Mutane iri uku ne ke kuka da kamfanin, kuma ba mai son ganin wani a cikinsu. Matan wanki suna neman safar hannu da takalmin ruwa, da a mayar da su na dindindin. Mutanen unguwa kuwa rijiyoyinsu sun lalace, ruwan ya yi santsi, yara sun cika da ƙuraje. Jagoransu Mai Wanki ne, dogo mai jan ido, wanda ruwan rijiyarsa ya koɗar masa da tufafin mutane har masu kawo masa wanki suka watse. Shi magana ɗaya ya sani, a rufe kamfanin. In matan sun taso daga aiki, a gabansu yake tofar da yawu ya ce ga masu zuba mana guba nan.

Na uku su ne guragu masu rumfuna a tsallaken kwatar, masu gyaran rediyo da waya da takalmi. Ruwan kamfanin ya ci bakin kwatar har ta zama rafi, katako ɗaya aka gitta a kai, kekensu ba ya hayewa. Sai su yi doguwar zagaye ta bakin titi cikin motoci, ko su jira mai imani ya ɗauke su kamar kaya. Babbansu Mai Rediyo ne, mutum mai faɗin ƙirji da bakin barkwanci. Shi ne ya taɓa ce wa wani ɗan ofis da ya kira su masu buƙata ta musamman, "Ranka ya daɗe, buƙatarmu ba ta musamman ba ce, hanya ce kawai irin wadda ka biyo."

Kowanne ɓangare ya sha kai kukansa shi kaɗai, kuma manajan ya san makamarsu. Ba mugun fuska gare shi ba, matashi ne mai ladabi, Mama yake ce wa Inna. Matan in sun je, ya ce musu mutanen unguwa ke son raba su da abincinsu. Mutanen unguwa in sun je, ya ce matan ne ke zare toshiya ba bisa ƙa'ida ba. Guragu kuwa ya aika musu da sabon katako. Haka aka yi ta yi, kowa ya koma gida yana zagin maƙwabcinsa.

Ranar da ƙuraje suka fito wa ƙaramar 'yata, Inna ta daɗe tana duban bayan yarinyar. Washegari da ta taso aiki ba ta shigo gida ba, ta wuce kai tsaye gidan Mai Wanki. Na bi ta, don na san bakinsa.

"Me ya kawo ma'aikaciyar guba gidana?" ya ce, bai ko amsa sallamarta ba.

"Na zo in ji kukanka ne, ƙanena."

"Ba ki san shi ba?"

"Na san wanda kake yi a titi. Na cikin gida nake so in ji."

Ya zage ta tas, ni ina tsaye ina ji. Ta bar shi ya gaji, sannan ta ce, "To bari in faɗa maka abin da na ji, in na yi kuskure ka gyara mini." Ta faɗi rijiyar da mahaifinsa ya haƙa, ta faɗi farar rigar da ta koɗe a hannunsa mai ita ya ci mutuncinsa a gaban 'ya'yansa, ta faɗi yadda yanzu yake sayen ruwa don ya wanke kayan da ba su kai kuɗin ruwan ba. Ya yi ta murza sabulu a hannu. Daga ƙarshe ya ce, "Kin manta da matata, ƙaiƙayi ba ya barinta barci." Inna ta ce ta manta, ta sake faɗa daga farko har da matar.

Kada a ɗauka daga nan komai ya daidaita. Watanni aka yi ana taro a rumfar Mai Rediyo ranar hutun kamfani, kuma sau da yawa da zagi ake watsewa. Akwai ranar da wata daga cikin matan ta jefi Mai Wanki da takalmi. Inna ta kafa musu dokar da ta kafa mana muna yara: ba mai faɗin nasa, kowa na wani zai faɗa, kuma sai mai shi ya ce haka ne. Manya da furfura suka zauna suna maimaita magana kamar 'yan aji ɗaya. A hankali Mai Wanki ya daina cewa a rufe, ya koma cewa a tace ruwan. Matan suka daina cewa unguwa na yi musu baƙin ciki. Da suka je ofishin duba-gari su uku tare, a karon farko aka ba su kujera, aka kuma sa ranar zama da manaja.

Mai Rediyo ne ya ƙara wa dokar gishiri. Ya ce, "Yaya, baki kawai ba ya isa. Wanda zai faɗi kukana sai ya hau kekena." Aka yi dariya, amma aka yarda. Mai Wanki ya hau keken guragu ya nufi katakon da ƙarfinsa, tayar gaba ta zame, ya tsunduma cikin kwata har wuya. Guragu suka yi ta tafi, shi kuwa ya fito yana tsiyaya. Inna ta wuni a gidansa tana wanki da ruwan rijiyarsa, ta kuma zaga gidaje tana duba jikin yara. Saura Mai Rediyo, wanda zai faɗi kukan mata. Ya ce shi ma sai ya sa hannu a ruwan kwami.

A nan suka yi wautar da su kaɗai za su iya yi. Ba a barin baƙo ya shiga kamfanin, kuma dokar ƙofa ita ce ko marfin kwalba aka kama mutum ya fito da shi, ya gama aiki. Maimakon su ce masa ya haƙura ya dubi hannayensu, sai suka ga ai doka doka ce, tunda Mai Wanki ya sha kwata dole shi ma ya ɗanɗana. Wata yarinya da suke kira Amarya, mai tsohon ciki, ita ta cika kular abincinta da ruwan soda ta rufe. Maigadi ya saba buɗe kular kowa, amma ita ya ga cikinta ya ɗaga mata hannu ta wuce.

Aka juye masa a roba. Inna ta ce ya tsoma ya cire. Ya ce, "Ku da kuke wuni a ciki fa? Ni ma namiji ne, ƙafa ce kawai babu." Ya bar hannayen a ciki yana ba su labari, yana dariya, gumi na keto masa. Bai san hannun matan ya mutu da daɗewa ba, nasa kuwa hannun mai kama ƙananan wayoyi ne. Kafin gari ya waye fatar ta tashi, ta yi ruwa, ta saɓule. Ko sukundireba bai iya riƙewa, balle ya tura kekensa.

Tun kafin wannan, ranar da aka zo rabon wanda zai faɗi na wa a gaban manaja, ni na ga hanya mai sauƙi: Inna ta ɗauki na guragu, maganar gina musu kwalbati a kan kwata ba ta korar kowa daga aiki. Amma mutanen unguwa suka ƙi. Wani tsoho a cikinsu ya ce, "Mun san ku. Ranar da aka miƙa muku safar hannu, kun manta da rijiyarmu. In da gaske ne, ita ta faɗi namu, ita ta san abin da ake zubawa." Mai Wanki ya sunkuyar da kai, bai goyi bayansa ba, bai kuma hana shi ba. Inna ta ce ta ɗauka.

Muna isa gida na rufe ƙofa na juyo mata.

"Inna, kin san abin da kika ɗauka kuwa? Za ki tsaya gaban mai ba ki abinci ki ce yana kashe mutane."

"Ba zan ce yana kashe mutane ba. Abin da na gani zan faɗa."

"In ya kore ki, Mai Wanki ne zai ciyar da mu? Ko guragu ne za su biya mana haya?"

"Rage murya, yara na ji."

"Su ji. Ai su ne za su kwana da yunwa. Ke kullum na waje kike ji, mu na cikin ɗaki ba mu da kuka?"

Ta zauna a bakin katifa tana shafa man kaɗen da take sa wa yatsunta. Ta ce, "Kina tsoron a wayi gari ba abin ɗorawa. Kina tsoron mai gida ya fitar mana da kaya, ki rasa inda za ki kai yaran nan, tunda ubansu ya yi shiru. Kuma kina jin na fifita bare a kanki. Haka ne?" Na ji kamar in fasa ihu. Haka ne ɗin, ba ta bar ko ɗaya ba, kuma sanin bai sa ta fasa ba. Na juya mata baya, ban sake yi mata magana ba har ranar zaman.

Ni na tura keken Mai Rediyo zuwa kamfanin, tunda hannayensa na naɗe da bandeji. Ban taɓa shiga ofishin ba. Dogon tebur ne mai sheƙi, sanyin na'ura yana ratsa ƙashi, ƙarar injin farfasa roba tana zuwa daga nesa ta cikin bango. Manaja yana zaune a ƙarshen tebur, duba-gari yana gefensa da biro, wani gajeren mutum mai yawan duba agogo. Masu magana uku suka zauna. Matan wanki da mutanen unguwa suka tsaya a jikin bango da bakin ƙofa, Amarya a cikinsu ta dafa ƙugu.

Manaja ya yi murmushi ya ce, "Mama, bismillah, faɗi abin da ke damun mata."

"Ranka ya daɗe, ba ni zan faɗa ba."

Mai Wanki ya miƙe. Manaja ya gyara zama, ya shirya jin a rufe kamfani. Sai ya ji dogon nan yana bayanin faɗin keken guragu da faɗin katako, da yadda tayar gaba ke zamewa, da abin da mutum ke ji in an ɗauke shi kamar buhu a gaban masu kawo masa gyara. Na ga murmushin manaja ya ragu, yana duban wannan ya dubi wancan, ya rasa wanda zai ja gefe.

Mai Rediyo ya karɓa. Bai yi barkwanci ba ko sau ɗaya. Ya faɗi sunkuyon wuni, da tsagar yatsu, da matar da ba ta iya yanka albasa a gidanta saboda raɗaɗi, da wadda ta tsufa a kwami har yau ana ce mata 'yar wucin gadi. Sannan ya ce mini, "Ɗiyata, kwance mini." Na warware bandejin. Duba-gari ya daina kallon agogo, ya kawar da kai, ya sake dubawa.

"Wannan ɗan tsomawa ne kawai na yi," in ji Mai Rediyo. "Su kullum ne."

Manaja ya daɗe yana duban hannun. Da ya yi magana, a hankali ya yi ta.

"Allah ya sawwaƙe, Baba. Amma ban gane ba. Kai ba ma'aikacinmu ba ne. A ina ka sami ruwan kwaminmu?"

Sai a lokacin kowa a ɗakin ya ga ramin da suka haƙa wa kansu. Ba wanda ya juya ya dubi Amarya, kuma wannan ƙin juyawar ma ni gani nake kamar nuni ne. Ina jin numfashinta daga inda nake tsaye.

Mai Wanki ya yi gyaran murya ya ce, "A ƙofar gidana ya tsoma. Ai ba sai an shigo ba, ruwanku har gida yake kawo mana kansa."

"Ruwan kwata ba ya..." Manaja ya tsaya, ya saci kallon duba-gari, ya haɗiye sauran, don kada ya amsa da bakinsa cewa ruwansu na shiga kwatar. Ya ɗauki wayar tebur. "Ba komai. Bari in kira maigadi. Shi ke duba kayan kowa a ƙofa. In wani abu ya fita, ko ya faɗi wanda ya fitar, ko shi ya amsa."

Maigadin tsoho ne, tare suka fara aiki da Inna, yana da 'ya'ya mata da bai aurar ba. Ko ya ambaci Amarya, ko ya tafi. Na dubi Inna, na ga ta dafa tebur da hannayen nan nata, na san abin da za ta yi. Na ce a raina, Inna ki rufa mana asiri. Ba ta dube ni ba.

"Ajiye wayar, ranka ya daɗe," ta ce. "Ni na fitar. A ƙarƙashin mayafina na ɓoye, maigadi bai gani ba. Kuma yanzu layina ne, zan faɗi na unguwa."

Ta faɗa, ba ta rage komai ba. Ta faɗi gidajen da ta shiga da yaran da ta duba, da matar Mai Wanki da ba ta barci. Ta faɗi lokacin da ake zare toshiya da wanda ke ba da umarni. Ta faɗi cewa duk sanda aka ji duba-gari zai zo, ana hana su zarewa sai ya tafi, sannan a saki na kwanakin gaba ɗaya. Biron duba-gari ya yi ta gudu a kan takarda. Da ta gama ta juya wajen tsohon nan da ya ce za su manta da rijiya, ta ce, "Baba, haka ne?" Ya gyaɗa kai.

Daga nan manaja ya zama mai sauƙin kai har abin ya ba ni tsoro. Safar hannu da takalmi, ya yarda. Ramin tace ruwa, ya yarda. Kwalbati mai faɗin keke, ya yarda. Maganar dindindin ya ce za a duba. Ya roƙi abu ɗaya kawai a ƙara a takardar: duk wannan yana nan muddin ba a tsayar da aiki ba, in aka tsayar ko na wuni ɗaya, yarjejeniya ta rushe. Kowa ya ga ai ba mai niyyar tsayar da aiki, aka sa hannu. Bai ce komai game da ruwan da aka fitar ba. Har bakin ƙofa ya rako mu ya ce, "Mama, a huta gajiya."

A waje mata suka rungume ta, Mai Wanki ya tura keken Mai Rediyo da gudu kamar yaro. Ni ban yi murna ba. Ba zan ɓoye ba, abin da aka sa wa hannu an yi shi daga baya. Kwalbatin yana nan, guragu na hayewa. Ramin tacewar ya rage santsin rijiyoyi, ko da yake bai kawar da shi duka ba. Maganar dindindin har yau ana dubawa. Kuma ɓangarorin nan uku ba su sake zuwa wani ofis a rarrabe ba, har masu shara da masu tura ruwa suka shigo cikinsu. Amma duk wannan daga baya ne.

Washegari da safe ta ɗaura zanen aikinta ta ɗauki kularta kamar kullum. Na ce zan raka ta. Ta ce, "Yau kuma makaranta za ki kai ni?" Ban kula ta ba, na bi bayanta.

Tun daga nesa na hango wasu mata baƙi zaune a gindin katangar kamfanin, sun fi matan wanki yawa, kowacce da ɗan ƙunshinta. Ba wanda ya san su. A bakin ƙofa an ajiye kwali, ana miƙa wa kowace ma'aikaciya safar hannu sabuwa fil. Da layi ya zo kan Inna, maigadi ya tare ƙofar da jikinsa, idonsa a ƙasa.

"Yaya, an ce kada ki shiga."

"Yau kawai, ko gaba ɗaya?"

"Gaba ɗaya. Ki yafe ni."

"Ba ka yi mini komai ba."

Maganar ta bi layi. Amarya ce ta fara cire safar ta jefar, ta zauna daɓas a ƙasa da cikinta. "Ni ce na fitar," ta ce tana kuka, "ku je ku faɗa masa ni ce." Wata ta toshe mata baki. Sauran suka fara zama ɗaya bayan ɗaya. Waɗanda suka riga suka shiga suka juyo. Kafin a jima Mai Wanki ya iso da mutanen unguwa, ga guragu sun zagayo ta titi. Ya ce, "Yaya, ba mai shiga. In ba ke, ba aiki. Mu ma nan za mu wuni."

A karo na farko na ji ina son mutumin nan. Na ce a raina, yau dai za a faɗi namu.

Inna ba ta dube shi ba. Baƙin matan nan take kallo, waɗanda suka fara miƙewa suna kakkaɓe zannuwansu. Sannan ta ɗaga kai ta dubi tagar ofis a sama, inda labule ya ɗan yaye.

"Ku tashi," ta ce.

Ba wadda ta motsa.

"Na ce ku tashi ku shiga. Ba ku ga abin da ake jira ba? Kuna zama, takardar jiya ta mutu, waɗancan su shiga a madadinku, su ma da hannu tsirara. Ba kwalbati, ba rijiya, ba komai. Ke Amarya, ɗauki safarki."

"Uwa, ba zan iya ba."

"Za ki iya. Haihuwa ce a gabanki. Tashi, kar ki sa abin da na yi ya zama na banza."

Ban taɓa jin ta yi wa wani tsawa irin wannan ba. Ta kama hannun Amarya ta miƙar da ita, ta ɗauko safar daga ƙasa ta kakkaɓe, ta sa mata da kanta, yatsa bayan yatsa. Ta tura ta ciki. Sauran suka bi, wasu suna kuka, wasu sun kasa haɗa ido da ita. Mai Wanki ya buɗe baki, ta ɗaga masa hannu, ya rufe. Ta tsaya nan har ta ƙarshe ta shige, maigadi ya ja ƙofa, aka ji inji ya tashi.

Sannan ta juyo ta miƙa mini kular. Ta kama kafaɗata, na ji nauyinta gaba ɗaya ya sauko a kaina.

"Mu tafi a hankali," ta ce ƙasa-ƙasa. "Kar ki waiwaya, suna kallonmu."

Muka bi layin, kanta a sama, tana amsa gaisuwar mutane da murya daidai. Na so in ce mata ai na faɗa miki, maganar tana bakina, na kasa. Sai da muka sha kwana, katangar wani gida ta rufe mu daga idon jama'a, ta sake ni ta zauna a kan wani dutse a gefen hanya. Ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta suna rawa. Na tsuguna a gabanta ina riƙe da kular, abincin ciki da ɗuminsa.

Da ta ɗago ta share ido, ta dube ni kamar ni ce uwar.

"Ke 'yar nan," ta ce, "ban san abin da za mu yi ba."